Turaren da Na Haɗa wa Hajiya Delu

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki gyara zama ki ba ni kunnenki. Maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce, ko da yake ranar da abin ya faru har masunta da ke cikin ruwa sai da suka waiwayo. Sunana Hansai, mutuniyar Nguru. Ni ba mai yawo ba ce. A gida in kin leƙa tsakar gida ba ki gan ni ba, to ina ɗaki, kuma duk inda nake bakina na tafiya, ko da mutum ɗaya ne a gabana sai na ba shi labarin unguwa kakaf. Ga ni yau a bakin Bahar Maliya, zan gaya miki yadda na rama abin da wata ta yi mini. Kuma tun yanzu ki sani, ba kuka na zo yi miki ba.

Yadda na baro gida ba wani abin faɗa ba ne. Maigidana ya rasu, yara na son abinci, Hajiya Delu ta zo ganin gida ta ce akwai aiki a Jidda. Ita 'yar unguwarmu ce, ta girme ni, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Ta daɗe a can har Hausarta ta fara karkacewa.

Zangona na farko gidanta ne a Sharafiyya, wani bene a saman shagon masu gyaran waya. Unguwar ba ta shiru. Mota, babur, masu shago suna kiran ciniki da yaren da ban taɓa ji ba, ruwan na'urar sanyi na ɗiga a kan mutum in ya bi ta lungu. A baranda ta shimfiɗa mini katifa kusa da injin wanki. Washegari na ce, "Yaya Delu, ina kwana?" Sai ta kalle ni sama da ƙasa.

"Nan ba Nguru ba ce, Hansai. A gaban mutane Hajiya za ki ce. Kuma ki rage surutun nan, a nan bango ma ji yake."

Na ce to. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. In na ji magana sau ɗaya ta zauna. Kafin wata ya ƙare na san "yalla", na san "halas", na san in Balarabiya ta ce "ya haram" tausayi take yi ko gulma.

Ban daɗe ba ta ce ta samo mini wurin hutawa. Haka ta ce, wurin hutawa. Aka sa ni a mota muka yi arewa, gari ya ƙare, sai yashi da turakun lantarki, har muka shiga wani ɗan ƙauye da matanmu na Jidda ke ce wa Bakin Ruwa.

Bari in kwatanta miki garin. Titi ɗaya ne mai kwalta, shi ma in ya isa masallaci sai ya gaji. Akwai rumfar kifi, akwai kantin wani ɗan Bangaladash, akwai mai gasa gurasa a tanderu. Gidajen gajeru ne, gishiri ya cinye ƙofofinsu, duk ƙarfen da kika taɓa sai ya bar miki tsatsa a hannu. Gidan da aka kai ni istiraha suke ce masa, wato gidan da ake haya don a zo a huta. Yana da babban falo, da fili, da wata ƙaramar ƙofa ta baya wadda in kin buɗe sai ƙafarki a yashi, ruwa na gabanki har inda ido ya tsaya. Mai gidan shi ne kafilina, wato wanda takardun zamana a ƙasar ke hannunsa, kuma da wuya in gan shi. Aikina in share, in wanke, in jira baƙi.

Baƙin ranar Alhamis suke zuwa. Motoci cike da yara da tukwane da tabarmi, a gasa kifi, a yi kiɗa, a shiga ruwa da kaya a jiki. Matan su dube ni su ce, "Masha Allah, ke kam kina aljanna, kullum kina kallon bahar." Ranar Asabar su kwashe kansu su bar mini ƙashin kifi da ledoji da yashi har cikin firij. Daga nan garin sai ya mutu. Mai zuwa yawo bai san Bakin Ruwa ta ranar Litinin ba. Zufa ba ta bushewa, shanya ba ta bushewa, shayi ma sai ki ji kamar da gishiri. Babu ƙarar daka. Babu mai sallama ta ce a sam mata garwashi. Ni da ko jariri ba ya tsira daga hirata, sai ga ni ina ba kyanwa labarin yadda aka yi riƙon Rakiya, babbar 'yata. Kyanwoyin ma Larabci suke ji.

Wata safiya ina zagin wani hankaka da ya yaga mini ledar shara, ina cewa, "Allah ya isa, ɓarawon banza," sai na ji daga bayana an ce, "Sannu, sannu. Haƙuri, ya binti."

Na juya a firgice. Wani tsoho ne baƙi wuluk, da zane ɗaure a kugu da raga a kafaɗa, kamar ƙanin babana ya taso daga kabari. Ammu Bakur sunansa, masunci. Kakansa daga ƙasar Katsina ya tako da ƙafa zuwa aikin hajji, bai koma ba. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ta fito rabi da rabi. Tun daga ranar, in ya dawo daga ruwa sai ya rataye mini kifi a ƙofar baya ya ce, "Ci, ci. Inti ramamme." Ni kuma in bi shi da labari har sai ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, ya Hansai, kunne ya cika."

A bayan rumfarsa na ga abin da ya canja mini zama. Suna kamo wani irin dodon koɗi babba, su cire naman su busar, su zubar da sauran. A cikin tarin sai na hango wasu 'yan abubuwa ja-ja-baƙi, masu lanƙwasa kamar akaifa. Na durƙusa na ɗauki ɗaya na shinshina. Farce ne. Farcen humra.

Ki gane, mahaifiyata Kaltume mai humra ce. A Nguru ba a kai amarya ɗaki ba tare da kwalbarta ba. Tun ina ƙarama nake ganin tana aike har Maiduguri a sayo mata farcen nan ɗan kaɗan a ƙulle a tsumma, tana ɓoye shi kamar zinariya. Ban taɓa sanin murfin bakin dodon koɗi ba ne, na ɗauka wani tsuntsu ne ake yanke wa. Ga shi nan a zube, kyanwoyi na taka shi. Na zauna a yashi na yi ta kuka, don Inna ta rasu ba ta ga wannan ba. Ammu Bakur ya rasa abin yi, sai ya kawo buhu ya cika mini.

Aikin farce aikin haƙuri ne. Sai kin jiƙa shi, kin kankare da wuƙa ɗaya bayan ɗaya har ba sauran nama ko ɗigo, kin tafasa da dusa, kin sake wankewa, kin shanya. Sannan ki soya shi cikin yashi mai zafi har ya kumbura ya yi ƙamshi, ki daka. Inna takan tsaya a kaina tana cewa, "Kankare da kyau, Hansai. In kika bar nama, a kwalba ba za ki ji komai ba, sukari da sandal za su rufe. Amma ranar da ya hau garwashi, a ranar zai tona miki asiri."

Da ɗan abin da na samu a kanti na haɗa turaren wuta kaɗan, don ɗakina kawai, don in ji ƙamshin gida. Sai ga Hajiya Delu ta zo hutu wata Alhamis. Tana shiga ɗakin ta tsaya cak.

"Hansai! Wannan ai hannun Kaltume ne."

Wallahi sai na ji daɗi. Ta zauna a bakin katifata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce matan Jidda suna neman irin wannan ido rufe. Za ta riƙa kawo mini sandal da miski da mahalab da madarar turare daga kasuwar Balad, ni in haɗa, ita ta kai.

Na ce, "Abu ɗaya nake roƙo, Hajiya. A ce na 'yar Kaltume ne. Sunan Inna ya shiga Jidda, ko da ita ba ta shiga ba."

"Wannan ai ba sai kin faɗa ba," in ji ta.

Ba lissafin kuɗi na zo yi miki ba, wannan tsakaninta da Ubangijinta. Ni dai na samu abin yi da Litinin da Talata. Ina kankara, ina daka, ina yi wa Inna addu'a, ina jin a raina can cikin birni ana ambatonta.

Ana haka aka sa ranar auren Rakiya. Ba halin zuwa, kafili ya ce lokacin baƙi ne. Na ce to, in ban je ba hannuna zai je. Da zan baro gida na ƙullo ɗan kajijin da ya rage a kwallar Inna, na fadamar garinmu, wanda ita da kanta ta tono ta gyara. Ban taɓa shi ba duk zaman nan. Shi na daka gaba ɗaya na zuba a humrar Rakiya, na zaɓi farce mafi kyau, na bar ta ta tsumu har ta yi kauri. Babu irinta, kuma ba za a sake ba, don kajijin ya ƙare. Na naɗe kwalbar a sabon zane na damƙa wa Hajiya Delu, ta ce akwai wadda za ta tashi a satin, har gida za a kai.

Bayan biki na kira Rakiya ina zumuɗi. Na ce, "Ya ƙamshin?"

Ta ce, "Inna, ba abin da ya iso. Sai da muka jira har ranar kai ni. Turaren kanti aka fesa mini. Dangin mijina har yanzu tsokanata suke, wai jikar Kaltume guda an kawo ta tana ƙamshin shagon aski."

Ta yi dariya don kada in ji ciwo, amma na san dariyar 'yata. Na kira Hajiya Delu. Ta ce a filin jirgi aka ƙwace, wai ba a shiga da ruwa. Har da "inna lillahi" ta yi. Na yarda. Na yi ta tsine wa ma'aikatan da ba su san hawa ba.

Bayan wasu watanni wasu matanmu suka kama istiraha. Babbarsu Hajja Amna, Bahausar Sudan ce, mai shagon kayan amare a unguwar Ammariyya, mace mai jiki da murya, in ta yi magana kowa sai ya saurara. Na shigo da tiren shayi, na sunkuya zan ajiye a gabanta, sai ƙamshin ya buge ni. Kajijin Inna. Na ajiye tiren a hankali.

Wata a gefenta ta ce, "Hajja, wannan humrar taki ta yau daban ce."

"Ta Delu ce," in ji Hajja Amna. "Ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce, don kanta ta haɗa, ni ta ba saboda ina tura mata amare. Matar nan Allah ya sa mata albarka a hannu. Wai wajen kakarta ta gada, Shuwa ce."

Kakar Delu! Na san kakar Delu, daddawa take sayarwa a bakin tasha.

Wata yarinya ta nuna ni da baki ta ce, "Wannan fa, ba 'yar garinsu ba ce?"

Aka rage murya, an ɗauka ba na ji. "Baiwar Allah ce, Delu ke taimakonta. Wai kanta ba daidai yake ba, da kyanwoyi take hira. Shi ya sa ta kawo ta nan inda ba mutane."

Na zuba musu shayi har na gama, ban zubar da ko ɗigo ba. Na fita ta ƙofar baya na tsaya ruwa na dukan ƙafata. Ban yi kuka ba.

Da Hajiya Delu ta zo ɗaukar kaya na tare ta a madafa, na gaya mata abin da na ji da wanda na shinshina. Na zaci za ta ji kunya. Ko gezau.

"To sai me? Wa ya san wata Kaltume a Jidda? Wa ya san ki? Sunana ne ke sayar da kayan nan. Ita kuma Rakiya ai an kai ta, ko ba a kai ta ba? Ki kama kanki, Hansai. Iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, ta hannuna ta biyo, kalma ɗaya zan yi wa kafilinki."

Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya."

Ta tafi tana ganin ta gama da ni. Ni kuwa na zauna na yi tunani irin wanda ban taɓa yi ba. In na fita na ce ni ke haɗawa, wa zai yarda da mai hira da kyanwa? Ta riga ta toshe wannan hanyar. Saboda haka ba bakina ne zai faɗa ba. Bakinta ne zai faɗa, a gaban matan nan, da ƙarfi. Ban san ta yaya ba, amma na ci gaba da yi mata aiki, ina ƙara kyautatawa, ina gaishe ta har ƙasa.

Allah da ikonsa, sai ga auren 'yarta Samira. Hajiya Delu ta ce a istiraha za a yi wunin lalle, don dangin ango 'yan unguwar Madain Fahd su ga ita ma ta isa. Ta kawo mini kayan haɗi jaka guda.

"Ina son turaren da za a shekara ana maganarsa."

Na ce, "In sha Allahu za a shekara."

Na je wajen Ammu Bakur na ce ina son farce sabon cirewa, da namansa a jiki. Ya ɗauko ɗaya ya kai hanci ya yamutsa fuska.

"La, la. Wannan wari, ya Hansai. Bai yi ba."

"Na sani, Ammu. Shi nake so."

Ya san labarin kwalbar Rakiya, don ba abin da ban gaya masa ba. Sai ya tura mini bokitin da ƙafa, ya juya yana gyaran ragarsa.

"Ana ma shuft. Ni ban gani ba. Ido ya tsufa."

Ban jiƙa ba, ban kankare ba, ban soya ba. A inuwa na shanya shi ya bushe da namansa, na daka ina toshe hanci da mayafi. Na narka sukari, na zuba icen sandal, na juye garin nan a ciki, na bi shi da madarar turare har ya sha. Da ya huce na shinshina. Kamar yadda Inna ta faɗa, ƙamshi kawai. Na cika babbar kwalla da shi, na rufe samansa da mai kyau kamar kaurin yatsa biyu, don ko da za ta gwada. Humrar amarya kuwa na haɗa ta tsaf, da farce wankakke. Yarinyar ba ta ci mini komai ba.

Ranar ta zo. Bayan la'asar falon ya cika maƙil, an rufe tagogi da ƙofofi, na'urar sanyi na aiki. Mata sun sha leshi da gwal, 'yan Sudan da lafayarsu, dangin ango sun cire abaya sun baje gashi. Ni ina bakin ƙofar madafa ina hura garwashi a kasake, an ce kada in shigo sai an kira.

Hajiya Delu ta rungumo kwallar kamar jariri ta tsaya a tsakiya.

"Wannan da hannuna na haɗa wa 'yata. Ku dubi yatsuna, duk sun fashe. Ban yarda kowa ya taɓa ba, sirrin gidanmu ne."

Aka yi guɗa. Ta ɗebi na sama ta zuba, hayaƙi ya tashi, falon ya ɗauki ƙamshi. Uwar ango ta lumshe ido tana cewa, "Allah, Allah, ya salam." Hajja Amna ta ce, "Delu, kin gama da mu." Kan Hajiya ya ƙara girma. Ta ƙwala mini kira, "Ke! Kawo sauran kasaken duka!"

Kin san al'adarmu. Zagaye na farko na ɗaki ne, na biyu na jiki. Kowace mace ta ja kasko ƙarƙashin zanenta, ta tsuguna a kai, ta rufa, wata ta sunkuyar da gashinta hayaƙi ya shiga. Na jera kasaken, garwashi ja wur. Hajiya Delu ta zura cokali har ƙasan kwalla, tana zubawa da hannunta, tana cewa, "Ku turara da kyau, kada ku ji tausayinsa, akwai da yawa."

Na koma bakin ƙofa na tsaya.

Da farko ba wadda ta lura. Sai na ga hancin wata tsohuwa ya motsa. Ta dubi ta kusa da ita, ita ma ta dube ta, kowa na zargin kowa. Sannan abin ya fito gaba ɗaya. 'Yar'uwa, kin taɓa jin ƙarnin kifin da ya kwana a rana, a haɗa shi da ƙaurin gashi da ya ƙone, a zuba masa sukari? To ga shi a ƙarƙashin zanen kowa, a cikin gashin kowa, a ɗaki rufaffe.

Uwar ango ta yi tsalle ta ture kasko, tana tambayar mene ne wannan da Larabci. "Esh hada? Ya satir! Esh hada?"

Hajja Amna ta ɗaga lafayarta tana kaɗawa. "Delu! Kifi kika gasa mana a ƙarƙashin zane?"

Wata ta ce, "Wayyo leshina, aro na yi!" Wata ta fara kakarin amai. Aka yi kan ƙofar baya ana turereniya, takalma a hannu, aka watsu a yashi ana kaɗa mayafai kamar masu korar kaji. Kyanwoyin garin kaf suka taru, suna bin matan nan suna shinshina gefen zanensu. Masunta daga cikin kwalekwale suka miƙe suna kallo, sannan suka tuna mata ne suka juya baya, amma kafaɗunsu na rawa.

Aka yi wa Hajiya Delu zobe. Uwar ango na zazzaga Larabci, tana cewa wulaƙanci ne aka shirya wa danginta. Hajja Amna ta riƙe ƙugu.

"Ke kika ce da hannunki kika haɗa. Kin ce ba wanda ya taɓa. To gaya mana, me muka yi miki?"

Na ga idon Delu na yawo, yana neman hanya. Hanya biyu ce kawai, kuma ni na gina su. Ko ta ɗauki warin, ko ta ajiye sunan. Ba ta daɗe tana zaɓe ba.

"Ba ni ba ce! Wallahi tallahi ba ni ba ce! Ni ban taɓa haɗa turare ba tunda uwata ta haife ni! Ga ta can, Hansai ce, ita ke yi!"

"Na bikin 'yata fa?" in ji Hajja Amna.

"Ita ce!"

"Wanda nake sayar wa amare da sunanki fa? Kwalbar da kika ce don kanki kika haɗa fa?"

"Duk ita ce! Komai ita ce!"

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa. Duk suka juyo suna kallona. Na gyara ɗaurin zanena na tako har tsakiyarsu.

Na ce, "Sunana Hansai, 'yar Kaltume mai humra ta Nguru. Kaina lafiyarsa ƙalau. Duk ƙamshin da kuka shafa daga gidan matar nan, hannun uwata ne. Kwalbar da aka ba ki, Hajja, ta auren 'yata ce, aka kai ta ɗaki babu ita. Na yau ma ni na haɗa, kuma da gangan na haɗa."

Kada ki ɗauka tafi aka yi mini. Hajja Amna ta zage ni tas, ta ce na ɓata wa bayin Allah sutura, na sa yarinya kuka ranar lallenta. Gaskiya ne, Samira na zaune a bakin ƙofa da lalle a hannu tana hawaye. Na shiga na ɗauko kwalbarta na ajiye a cinyarta na ce, "Wannan taki ce, mai kyau ce, ki ba Hajja ta shinshina in ba ki yarda ba." Kukanta ya taɓa ni. Amma na tuna wata amaryar da ta zauna tana jiran saƙon uwarta har aka zo ɗaukarta, sai zuciyata ta koma inda take.

Delu ta cika alkawarinta, ta kira kafili. Ya zo washegari ya shinshina labule ya toshe hanci. Ammu Bakur ya ja shi gefe suka yi magana, sai na ji mutumin ya fashe da dariya har yana dafa mota. Abin da ya ce kawai, in wanke komai kafin Alhamis. Na wanke labule, na wanke darduma, na wanke kujeru, bayana kamar zai karye, kuma ban taɓa wanki mai daɗin wannan ba.

Auren bai mutu ba, an kai Samira. Amma a Sharafiyya har yau in Delu ta wuce sai wata ta ja hanci ta ce, "Yau me aka gasa?" Ba a yi wata ba Hajja Amna ta dawo Bakin Ruwa, ba hutu ta zo ba. Ta zauna a tabarmata tana hararata ta ce, "Ke muguwa ce, amma hannunki hannu ne." Yanzu mata na tasowa tun daga birni, su tsaya a kantin ɗan Bangaladash su ce ina gidan 'yar Kaltume. Har shi ya iya faɗin sunan.

Shekaranjiya ina kankarar farce sai ga Delu a ƙofa, ita kaɗai, ta rame. Ta ce azumi ya matso, bai kamata Musulmi su shiga da gaba ba. Ta ce, "Ki yafe mini, Hansai. Ni ma na yafe miki."

Ita ma ta yafe mini. Ki ji fa.

Na ce, "Rakiya fa? Dangin mijinta har yau gani suke uwarta ce ta manta da ita."

Ta ce, "Wannan ai ya wuce."

Na ce mata zan yi shawara, na rufe ƙofata. To ga ki, ke ce shawarar tawa, tunda kin ji komai ban ɓoye miki ko ɗaya ba. In yafe mata kafin a ga wata, ko in bar ta da shi a wuya har sai ta kira gidan surukan 'yata ta faɗa musu da bakinta inda kwalbar ta tafi? Ke da ke ce, wanne za ki yi?